Akwatin Ƙarfe da Gafakar Malam

Ranar Litinin, 2 ga Fabrairun 2009, dusar ƙanƙara ta sauka a Landan har aka janye motocin bas daga kan titi gaba ɗaya. Ni kuwa na fito da ƙafa, sanye da takalmin da na saya a kasuwar Sabon Gari ta Zariya, wanda ba don irin wannan ƙasa aka yi shi ba. Kafin in kai rabin hanya yatsun ƙafata sun daina jin komai. Duk da haka ban juya ba, domin a ranar ne kwamitin tallafi zai zauna, kuma takardar roƙona tana cikin waɗanda za a duba.

Ina karatun digiri na uku a SOAS a lokacin. Kuɗin da ake aiko mini ba ya kai ni ƙarshen wata, sai na samu ɗan aikin kwana biyu a mako a wata ƙaramar ƙungiyar masana da ke nazarin harsunan Asiya. Ba zan kama sunanta ba. Ɗakuna uku ne a saman bene, masu warin tsohuwar takarda da ƙurar da na'urar ɗumama ɗaki ke tayarwa. Aikina in buɗe wasiƙu, in dafa shayi, in kuma rubuta abin da aka tattauna a taro. Babban abin da ƙungiyar ke tinƙaho da shi wata wasiyya ce: wata malamar makaranta da ta yi shekaru tana koyarwa a Indiya da Bama ta mutu ba ɗa ba jika, ta bar musu kuɗin gidanta don a riƙa taimakon masu nazarin harsuna.

Da na hau benen a ranar, mutum ɗaya na tarar. Ma'aji ne, dattijo dogo mai furfura, wanda ya haura saba'in, tsohon akanta. Shi ma da ƙafa ya zo, ya shanya safarsa a kan na'urar ɗumama ɗaki. Sauran 'yan kwamiti duk sun bugo waya cewa ba hanya. Ya ce mini ko da biyu sun iso, taro ba zai yiwu ba, domin dokar ƙungiya ta faɗi adadin mutanen da dole su hallara kafin a taɓa kuɗin wasiyya. An ɗage zuwa watan Maris.

Ganin ba aiki, sai ya ce in zo ya nuna mini wani abu. Ya sauko da baƙin akwatin ƙarfe daga saman kabad, an rubuta sunan matar da farin fenti a gefensa. A ciki akwai kwafin wasiyyar, an ɗaure da jan zare, da wasiƙun lauyoyi, da manyan littattafan lissafi. Ya buɗe na farko. Rubutun hannu ne, tawadar ta koma ruwan ƙasa. Ya bi shafi-shafi yana nuna mini inda hannu ya canja: nan ma'aji na farko ya rasu, nan na biyu ya karɓa, nan aka koma keken rubutu, nan kwamfuta. Shi ne na shida. Babu ko ɗaya daga cikin 'yan kwamitin yanzu da ya taɓa ganin matar. Hotonta ma ba su da shi.

Ya yi mini bayani a hankali, kamar mai koya wa yaro alwala. Uwar kuɗin ba a taɓa ta. An zuba ta a hannun jari da takardun lamunin gwamnati, abin da ta haifa a shekara shi ake rabawa, shi ma ba duka ba, sai an mayar da wani yanki don kada tsadar rayuwa ta cinye asalin a ɓoye. Kuɗin wasiyya yana da asusunsa daban. Ko rufin ofishin ne ya ɓarke, ba a gyara shi da wannan kuɗi. Duk shekara wani mai binciken kuɗi daga waje zai duba littattafan, sannan a aika rahoto ga hukumar da ke sa ido kan ƙungiyoyin agaji a Ingila, wadda take nan tun 1853. In kuwa wata rana abin da mamaciya ta nufa ya zama ba zai yiwu ba sam, su ba su da ikon sauya shi da kansu. Sai sun nemi izinin hukumar ko kotu, a karkatar da kuɗin zuwa ga abin da ya fi kusa da nufinta.

Na gyaɗa kai, amma hankalina ba ya wurin. Abu biyu ne a raina. Na ɗaya, wani ɓangare na wannan riba kuɗin ruwa ne, kuma ni ɗan malamin zaure ne, na san abin da mahaifina zai ce in ya ji. Na biyu, duk da haka ina son kuɗin. Ina faɗa maka wannan ne don ka san irin mutumin da ya zauna a gaban akwatin nan.

Abin da na roƙa kuwa shi ne kuɗin jirgi da na kyamara, in je Zariya in ɗauki hoton littattafan kakana. Suna ɗakin soro na bayan zaurenmu a cikin birni, cikin gafakoki na jar fata da suka yi baƙi saboda hannu. Ba ɗinkakku ba ne, warƙa-warƙa suke, kowane shafi da kalmar farkon na gaba a ƙasansa don kada su rikice. Akwai Risala da Muhtasar da Ashafa, akwai waɗansu na nahawu, gefensu cike da ƙananan bayanai da kakan ya yi da alƙalamin kara, wani da Larabci, wani da ajami. Na girma ina jin warinsu, warin fata da hayaƙin fitila da ɗan turare. Hujjar da na kafa a takardata ita ce: yawancinsu Larabci ne, Larabci kuwa daga Asiya ya fito. Na yi kwana uku ina goge wannan jimla, ina ganin ba mai iya ture ta.

Kafin Maris ya zo duniya ta ƙara rikicewa. Tun da bankin Lehman ya durƙushe a Amurka a Satumban 2008 kasuwannin hannun jari ke zubewa. Babban Bankin Ingila ya yi ta rage kuɗin ruwa, daga kashi 5 cikin ɗari a farkon Oktoba har ya kai rabin kashi ɗaya a ranar 5 ga Maris. Da aka zauna taro, ma'aji ya raba takarda guda ɗaya ga kowa. Abin da za a iya rabawa a bana ya ragu sosai, ga kuma takardun roƙo tari guda a tsakiyar tebur.

Wani farfesa mai saurin magana ya ce a ɗan yanki uwar kuɗin bana kawai, in kasuwa ta farfaɗo a mayar. Ya ce harsuna na mutuwa yanzu, tsofaffin da ke jin su ba za su jira kasuwar hannun jari ba. Wallahi a raina na ce gaskiyarsa. Ma'aji ya bari har ya gama, sannan ya ce kuɗin nan ba nasu ba ne, kuma ɗaliban da za su zo bayan shekara hamsin suna da haƙƙi a cikinsa daidai da waɗanda takardunsu ke kan tebur, sai dai su ba su da wanda zai yi magana da bakinsu a ɗakin nan in ba shi ba. Aka yi shiru. Na rubuta cewa an kawo shawarar, ba ta samu goyon baya ba.

Da aka zo kan takardata shugabar taro ta dube ni da murmushi ta ce in ɗan fita, haka doka take ga duk wanda ke da hannu a abin da ake tattaunawa. Na tsaya a lungun dafa shayi, gabana na faɗuwa. Ƙofar ba ta da kauri. Na ji farfesan nan yana kare ni da ƙarfi, yana cewa Larabcin Afirka ta Yamma reshe ne na itacen da saiwarsa ke Asiya. Na ji ƙarar akwatin ƙarfe an buɗe shi. Sai muryar ma'aji yana karanta wasiyyar. Matar ta ambaci harsunan da mutanen Asiya ke magana da su a gidajensu, musamman waɗanda ba a rubuta ba. Ya ce aikin yaron nan yana da kyau, ya fi wasu da ke nan kyau, amma ba shi ta nufa ba, kuma duk sun san ba shi ta nufa ba.

Aka kira ni na koma kujerata. Shugabar ta faɗa mini abin da zan rubuta, na rubuta da hannuna: ba a amince ba, domin aikin ya fita daga sharaɗin wasiyya. Alƙalamin yana rawa. Kuɗin bana ya tafi ga wata ɗaliba da za ta je tsaunukan arewa maso gabashin Indiya ta naɗi muryoyin tsofaffin wani ƙauye, ita ma rabin abin da ta nema aka ba ta, da sharaɗin ta kawo rasit na kowane abu da kwafin faifan.

Bayan an watse ina wanke kofuna, ma'aji ya zo ya tsaya a bayana. Ya miƙo mini 'yar takarda. Ya rubuta sunan wani shiri na Ɗakin Karatu na Biritaniya, wanda aka fara a 2004 da kuɗin gidauniyar Arcadia, mai ba da tallafin ɗaukar hoton tsofaffin rubuce-rubucen da ke cikin haɗari a ko'ina a duniya. Ya ce wannan an yi shi ne don irin littattafan kakana, in na rubuta takarda zai duba mini lissafin. Na karɓa na yi godiya da baki. A zuciyata kuwa cewa nake, rijiya ta ba da ruwa guga ya hana. Matar da ta mutu ta yi kyauta, wannan tsoho ya tsaya a ƙofa. Na cusa takardar a aljihun kwat, ban ƙara waiwayarta ba. Fushi ne ya hana ni, ba wani abu ba.

Bayan 'yan makonni wani aikin makaranta ya kai ni ɗakin karatu na Royal Asiatic Society, a titin Stephenson kusa da tashar Euston. Ita babbar ƙungiya ce, tsohuwa, wani masanin harshen Sanskrit mai suna Henry Thomas Colebrooke ya kafa ta a 1823. Ina neman littafin H. A. R. Gibb a kan yadda Larabawa suka ci Asiya ta Tsakiya, wanda aka buga a 1923. Siririn littafi ne. Na karanta yaƙe-yaƙen Ƙutaiba ɗan Muslim a Buhara da Samarƙand, ina tuna cewa wannan Buhara ita ce garin Imamul Buhari da mahaifina ke karantarwa bayan la'asar. Da na juya shafin farko sai na ga an buga shi ne da kuɗin wani asusu mai sunan James G. Forlong. Na bi sawun sunan. Janar ne ɗan Sikotilan, injiniyan soja da ya yi aikin hanyoyi a Indiya da Bama, an haife shi a 1824, ya mutu a 1904. Ya rubuta manyan littattafai a kan asalin addinai, masu ra'ayin da mahaifina ba zai iya zama ya saurara ba ko na minti ɗaya. Ya bar wa ƙungiyar kuɗi don nazarin harsuna da tarihi da addinai da al'adun mutanen Gabas. Gibb yana saurayi lokacin da aka buga masa littafin nan, kuma shi ne daga baya ya fassara tafiye-tafiyen Ibn Baɗɗuɗa. A jerin littattafan asusun na ga nahawun harshen Balti, wanda Musulmin tsaunukan arewacin Pakistan ke yi, an buga shi a 1934, shekarar da ƙamusun Bargery na Hausa ya fito. Na daɗe riƙe da shi. Mutum ya shekara talatin a kabari, kuɗinsa na buga nahawun mutanen da bai sani ba. Abin ya taɓa ni, amma ban haɗa shi da tsohon da ya hana ni kuɗi ba. Ban ga cewa sai da irinsa hakan ke yiwuwa ba.

Cikin watan Sha'aban, ana tsakiyar damina, mahaifina ya kira ni daga gadon asibiti. Muryarsa ta yi ƙasa, layin yana yankewa. Ya ce, "Mai sunan Malam, kana ji na?" Na ce, "Ina ji, Allah gafarta Malam." Ya ce, "Littattafan nan hubusi ne. Kada a raba su. A bar su a zaure, ɗalibai su yi ta karatu." Na ce, "To, Baba, in sha Allahu. Allah ya ƙara sauƙi." Iyakar abin da na ce ke nan. Ban ce ya maimaita a gaban Yaya ba. Ban ce a kira liman da wani maƙwabci su shaida ba. Ni da na shafe watanni ina rubuta wa Turawa kowace kalma da aka faɗa a taro, ban ɗauki biro na rubuta ranar da lokacin ba. Ina jin tsoron in yi maganar shaidu ya zama kamar na yanke masa ƙauna. Bayan kwana huɗu Allah ya yi masa rasuwa.

Ban samu jana'iza ba. Na iso ana zaman makoki, zauren cike da mutane, buzunsa a naɗe an jingina da bango. Bayan sallah aka zauna rabon gado. Malamin da aka kira ya raba, abokin karatun Baba ne, mutum mai tsoron Allah. Na faɗi abin da Baba ya ce mini. Ya saurara har na gama, ya ce, "Ɗana, ban ƙaryata ka ba. Amma wa ya ji ban da kai?" Na yi shiru. Ya ce a ɗauko gafakokin a duba, domin malaman da sukan rubuta kalmar hubusi a warƙar farko ko a gefen shafi. Muka kwance su ɗaya bayan ɗaya a kan tabarma. Ba ko ɗaya. Ya yi mana bayani cewa abin da mutum ya bayar yana cikin ciwon ajali hukuncinsa na wasiyya ne, daga sulusin dukiya ake fitar da shi, kuma sai an tabbatar. Maganar mutum ɗaya a waya ba ta isa ta hana magada haƙƙinsu ba, sai in su da kansu suka yarda.

Na dubi Yaya. Bai ɗago kai ba. Ya ce, "Ka san bashin asibiti yana kaina. Ga auren yaran nan biyu bayan babbar sallah. Kai kana can, ni ke nan." Ba ƙarya ya yi ba, kuma har yau ban riƙe shi a zuciya ba. Akwai wani mai sayen tsofaffin littattafai da ya riga ya zo gaisuwa sau biyu.

Aka yi musu kuɗi, aka raba. Na ga ana ɗora gafaka a nan, gafaka a can, kamar ana kasa goro. Muhtasar ɗin kakana gafaka biyu ne, ta farko ta faɗo a rabona, ta biyu a rabon ƙanina da ke Kaduna. Biyar suka tafi hannun mai saye a makon. Da muka ɗaga na can ƙasa, waɗanda suka jingina da bangon da indararo ke zuba a bayansa, sai muka tarar gara ta ci uku daga cikinsu. Ka ɗauki warƙa sai ta zube a hannunka kamar garin tuwo. Waɗannan ba hotonsu a ko'ina. A daren na fito da kwat ɗina daga jaka don neman fasfo, hannuna ya taɓa 'yar takardar ma'aji a aljihu. Na zauna a bakin gado na yi kukan da ban yi ba ranar da aka gaya mini rasuwar.

Inna ce ta fara. Da safe ta kira ni ɗakinta ta ce abin da ya faɗo mata na littattafai a tumunin takaba ba ta so, a mayar zaure. Ƙannena mata biyu suka bi bayanta. Na haɗa da nawa. Wannan karon na sayo babban littafi mai jan bango, na rubuta sunan kowane littafi, da adadin warƙoƙinsa, da wanda ya bayar. Muka je gaban alƙali da shaidu biyu aka rubuta hubusi, aka buga hatimi. Na miƙa mabuɗin ɗakin ga babban ɗalibin Baba a gabansu, domin abin ya fita daga hannunmu. Da na fara aiki na sayi ƙaramin shago a bakin kasuwa na haɗa da shi, kuɗin hayarsa ne ke sayen maganin gara da gyaran rufi. Shagon ba a sayarwa, ba a jinginarwa. Haka Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya shawarci Sayyidina Umar game da gonarsa ta Haibara, a riƙe asali a yi sadaka da amfani. Na karanta wannan a gaban Baba tun ina yaro, a zauren nan, ban san aikin da ke cikinsa ba.

Da na koma Landan na gaya wa ma'aji abin da ya faru. Bai ce mini ai na gaya maka ba. Ya cire tabarau ya goge, ya tambaye ni gafaka nawa suka rage, ya kuma ce in ware shafi a littafina in rubuta waɗanda suka fita da inda suka tafi, ko da ba na sa ran dawowarsu.

Duk watan Muharram mukan zauna mu huɗu a zaure, ni da ɗalibin Baba da shaidun nan biyu, in karanta abin da shago ya kawo da abin da aka kashe. Bara ɗan Yaya ya zo neman rancen kuɗin makaranta daga kuɗin shagon. Yaron kirki ne, kuma shi ke share zauren. Na ce masa kuɗin ba nawa ba ne. Ya sunkuyar da kai ya ce, "To, Baffa." Na ba shi abin da na iya daga aljihuna, bai kai rabi ba, kuma na kwana biyu ina ganin fuskarsa.

Gafakar Muhtasar ta biyu tana Kaduna har yanzu, a saman kabad ɗin falon ƙanina, an lulluɓe ta da farin mayafi. Yana girmama ta, ba ya barin yara su taɓa. Duk sallah nakan je gaisuwa, in zauna a kujerar da ke fuskantarta, mu yi hirar iyali da ta kasuwa. Ta farkon tana Zariya, ta tsaya a tsakiyar wata jimla, kalmar da ke ƙasan warƙar ƙarshe tana jiran shafin da zai biyo. Bana ma na je da niyyar in yi masa magana, aka kawo abinci, aka kira la'asar, na yi sallama na kamo hanya.